A Madadin Haraji

Wata uku sun cika, na jawo fayil mai jar igiya,
na rubuta abin da nake rubutawa shekara goma sha ɗaya:
"Daga Ofishin Ruwa zuwa baitulmalin gari,
a madadin haraji."

Kalma uku ce a ƙarshe, amma sun fi tankin Mabera nauyi.

Ranar da na kama aiki na tambayi Malam Namadina,
wanda ya bar mini wannan kujera har da ciwon bayanta:
"In ba haraji ba ne, mene ne?"
Ya ce, "Yaro, ɗa ba ya biyan haya gidan ubanai,
amma in ya fara ɗaukar albashi, cefane za ya kawo.
Filin da munka kafa tanki na gari ne,
mu ma na gari ne,
gari kuwa ba ya aza ma kainai jangali.
Sai anka sama ma abin wani suna."

Yau Injiniya Haliru ya tsaya a kaina, hannu duk baƙin mai.
Ya leƙa adadin, ya ja tsaki:
"Wannan ai kuɗin injin Runjin Sambo ne cif,
har da ladan mai ɗaurawa.
Sati bakwai bututun can yana tari,
ba ya tofar da komai sai iska."
Na ce ni akawu ne,
ba ni na kar zomon ba, rataya aka ba ni.

Na hau kabu-kabu, rana tana dafa kwalta,
takardar a ƙirjina kamar laya.
A Gawon Nama muka kauce wa wani rami.
Na san shi. Namu ne.
Bara muka haƙa muna neman inda ke yoyo,
muka gano, muka ɗaure,
muka tafi muka bar shi baki buɗe.

Ma'aji Hajiya Tumba ta karɓa ba ta ɗago kai ba.
"Kun makara da kwana tara.
Masu shara na jira, fitilun kasuwa na jira,
ramukanku ma da wannan ake cike su."
Na ce, "Ranki ya daɗe, akwai wata takarda a ƙasan waccan:
kuɗin ruwan sakatariya, wata goma sha huɗu."
Sai ta ɗago.
Muka dubi juna, aljihun dama da na hagu
a jikin riga ɗaya,
kowa yana bin ɗan'uwansa bashi,
mai rigar kuwa yana waje da bokiti a hannu.
Ta yi dariya, ta buga hatimi,
ta aiki masinja ya sayo mini ruwan leda,
don famfon ofishinta ma ya yi shiru tun azumi.

Da la'asar na biya ta gadar Rima.
Kogin yana tafiyarsa a rame, tsakanin gonakin albasa.
Shi muke ɗiba tun kafin a ɗinka fayil na farko,
ba wanda ya taɓa kai masa ko rasit.

A ƙofar gida na tarar da kurar Jabbi,
jarkoki goma sha biyu, rawaya, suna zufa.
Inno ta ce huɗu ta juye, a sallame shi.
Kan tebur ga takardar ruwa ta wannan wata,
na gane rubutun, nawa ne.
Ita ma zan biya,
daga cikinta ake gutsurar cefanen gari.

Na laluba aljihu, kuɗin bai kai ba.
Jabbi ya zaro ɗan littafinsa da ya sha jiƙa,
ya lashi bakin fensir:
"Malam, mi za ni rubuta?"

Na ce, rubuta sunana, da jarka huɗu.
A ƙasa ka sa:
a madadin famfo.